Jaririn Teku a Gindin Randa

Shekaranjiya ina zaune a kusurwata ina fiƙe fensir, sai na ji ɗayanku yana ce wa abokinsa, "Wai duk aikin Baba Haruna ke nan? Ka ɗora waya a bakin madubin ƙara girma, ƙyas, an gama." Na ji ku sarai, don kunnena bai tsufa kamar gwiwata ba. Zan so in ce ban ji haushi ba, amma na ji. To, tun da saura kaɗan in ajiye aikin nan, bari in ba ku labarinsa, ko don kwalbar can ta saman kanta da kuka ce a zubar da ita a sami wurin sababbin kaya.

Ni ba da boko na shigo ɗakin gwaje-gwajen nan ba. Zanen allo na koya a wata rumfa bayan Kasuwar Jalingo, inda muke rubuta sunayen shaguna, mu zana zaki a bayan tifa, mu jera kawunan samari a allon masu aski. Wata rana wani mai gasa kifi ya ce in zana masa tarwaɗa. Na kafa allon a bakin hanya yana shan iska ke nan, sai wata mata mai tabarau ta sauko daga mota, ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga ɗan'uwanta.

Ta ce, "Wa ya zana wannan kifi?"

Na ce ni ne, Madam.

Ta ce, "Gashin bakinshi daidai ne. Kai ya ƙirga, ko sa'a ne?"

Na ce na ƙirga. Tarwaɗar na saya na ajiye a gabana, da na gama kuma muka dafa ta.

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Ita ce Dakta Eno, 'yar can bakin teku, wadda aikin mijinta ya kawo su Jalingo, ita kuma ta kama koyarwa a makarantar nan. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "shi" ne a bakinta, amma ba ta taɓa faɗin abin da ban gane ba. Ita ta nema mini gurbi a ɗakin nan.

Abin da take bincike a kai shi ya fi ba mutane dariya. A garin da ruwansa mafi girma yaro ke tsallake shi da rani, ita manyan jatan landen teku take nazari, waɗanda Turawa ke ce wa lobsta. Gida biyu ne suka dame ta. Akwai mai ƙaya, jikinsa duk tsini, da ƙahoni biyu dogaye kamar bulala. Akwai kuma mai silifa, wani shimfiɗaɗɗen abu kamar an taka shi, wanda a madadin ƙahoni yake da faifai biyu a goshi irin bakin shebur. In ka jera su a tire, ka rantse ba su haɗa ko maƙwabtaka ba. Ga kuma wani na uku mai manyan almakasai, wanda kallo ɗaya za ka ce shi ne ɗan'uwan mai ƙaya. Dakta ta ce sam ba haka ba ne. Na ce mata ai mu ma muna cewa kama da wane ba wane ba ne. Ta sa na maimaita mata har ta haddace.

Yadda ake gane dangin, in ji ta, shi ne a bar manya a koma kan jarirai. Babba duniya ta riga ta sake masa kamanni: wannan ya zauna a kogon dutse ya yi ƙaya, wancan ya saba tonon yashi ya baje. Jariri kuwa da kayan gidansu yake fitowa. Ku kuna da sunan Turanci da kuke kiransu, ni jarirai nake cewa. Ranar da ta fara nuna mini ɗaya, na ɗauka kwalbar ruwa ce zalla. Sai da ta ɗaga ta wajen taga na ga wani abu kamar ganye, fari tas ana hango bayansa, da ƙafafu sirara kamar na gizo-gizo, da idanu biyu a kan tsinke. Ta ce na mai ƙaya ne. Ta ɗaga wata kwalbar, ga wani ganyen kusan irinsa sak, ta ce na mai silifa ne. Shi kuwa mai almakasai, jaririnsa ba ganye ba ne ko kusa. Ta ce har masanan da can sun daɗe suna zaton ganyen nan wata halitta ce mai zaman kanta. Ban yi mamakinsu ba. Wanda bai taɓa zama bakin kududdufi ba, wa zai gaya masa talibambam ɗan kwaɗo ne ya yarda?

Tun daga ranar abin ya kama ni, har yau kuma bai sake ni ba. Yaya abu zai fito duniya a ganye, ya yi wata da watanni ruwa na yawo da shi, sannan rana ɗaya ya tuɓe fatarsa ya nutse ƙasa ya zama mai sulke? Na yi wa Dakta tambayoyi har wata rana ta ce in ban yi shiru ba za ta sa ni a kwalba.

Aikin farko da ta ba ni ba na teku ba ne. Ta ce in je rafin Mayo Gwoi, kusa da gidanmu, in kamo 'yan jatan lande in zana. Na zaɓo ɗaya, na sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, na zuba masa duk gwanintar da na koya a rumfa. Ƙafa ɗaya ta hagu ta gutsure, sai na cika masa ita daidai da ta dama, don a wurinmu masu allo ba ka ba mai kaya gurgun zaki. Na miƙa mata ina jiran yabo. Ta leƙa madubi, ta dubi takarda, ta ce, "Malam Haruna, wannan zane yana da kyau. Amma ƙarya ne."

Na ce ai gyarawa na yi.

Ta ce, "Wa ya ce maka hagu da dama ɗaya ne? Kai ya gani? Zana abin da ido ya gani. In ƙafa ya karye, zana shi a karye."

Na fi shekara ina yaƙi da hannuna a kan wannan. Hannun mai allo ba ya son giɓi, da kansa yake zuwa ya cike. Sai da na koyi tsayar da fensir a inda ganina ya tsaya, in sa ɗigo-ɗigo a inda nake zato, kafin ta bari na taɓa kwalbar teku.

Kayan aikin kuwa ga su nan, ba wani abin a zo a gani ba ne. Madubin nan yana da ɗan ƙaramin madubi a gefe, wanda ke sa ka ga jaririn da bakin fensirinka a wuri ɗaya, sai ka bi gefensa kana zagayawa. Ga allurai da na kafa a tsinken tsintsiya. Ga gashin ido ɗaya tal da na manna a kan tsinke, da shi ake juya ƙafar jariri, don allura takan yage ta. Gashin nawa ne, kada ku je kuna zargin wani. Ga ɗan bututun ɗiga ruwa, ga farantin gilashi, ga sifirit, ruwan da ke hana ruɓewa, wanda jariran ke kwance a ciki. Sai numfashi. Ku kuna dariya, amma in ka saki numfashi a kan faranti, ruwan ya motsa, jaririn ya juya, aikin safiya ya tashi a banza. Kuma abin da ake nema ƙanana ne ƙwarai: ko wata ƙafa ta kusa da baki tana da ɗan reshe mai gashi ko ba ta da shi, ko tsiron ƙaho zai miƙe ne ko zai baje. Wayarku tana ɗaukar bene ɗaya ne kawai, sauran duk hazo. Mai zane yana murɗa madubi sama da ƙasa, ya tattaro abin da ke kowane bene ya sa a takarda ɗaya. Ban ce hoto ba shi da amfani ba, ni ma yanzu ina ɗauka. Cewa na yi ba a gama ba.

Masu kawo mini aiki kala-kala ne. Wani mai kiwon kifi ya taɓa shigowa da ruwan tafkinsa a galan, ya rantse maƙiya ne suka zuba masa wani abu da ke cinye 'ya'yan kifinsa. Na ɗiga a faranti na ce ya leƙa. Jariran mazari ne, masu baki kamar ƙugiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Wato mazarin nan da ke shawagi a kan ruwa kamar mutumin kirki?" Ma'aikatan lafiya sukan kawo tsutsar sauro a tantance musu. Ɗalibai kuwa irinku, sai ana gobe za su miƙa aiki suke zuwa, a zana musu abu goma kafin la'asar. Nakan ce musu ba a fafe gora ranar tafiya, su yi fushi su fita, su dawo da tsire a takarda.

Yanzu ga labarin kwalbar can. Shekarar da aka yi dogon yajin aiki, ranar da za a rufe makaranta, wani direba ya kawo wa Dakta saƙo daga tasha. Wani ɗan'uwanta ne mai aiki a jirgin kamun kifi ya aiko, ƙunshe cikin tsumma da soso. Ta buɗe a tsaye, masu gadi na ta buga ƙofofi suna cewa a fita. Ta ɗaga kwalbar da ke ciki wajen taga.

Jariri ne babba, ya kai faɗin babban yatsa, mafi girma da muka taɓa gani. Ta ce ya kai gab da tuɓe fata aka kama shi, kuma irin wannan, in aka sa shi a madubi, ana hango siffar da zai zama tana kwance a ƙarƙashin fatar. Fasalin jikinsa na 'ya'yan mai ƙaya ne, amma tana zargin ɗan mai silifa ne. In haka ne, to ya nuna wane ɓangare na gidan silifa ne ya fi kusa da gidan ƙaya, kamar ka gano ƙofar da ke tsakanin gidaje biyu da aka daɗe da toshewa. Shekaru tana neman irinsa.

Madubi kayan gwamnati ne, ba ya fita ƙofa. Mai riƙe da makullin sito ya riga ya tafi, don haka sifirit ɗin da muka samu shi ne ɗan abin da ya rage a kan tebur. Ita kuma an aiko mata mahaifiyarta ba lafiya, washegari za ta kama hanya. Ba ta yarda ta koma da shi ba, don girgizar zuwa ma ta ci masa bakin ƙafa ɗaya. Muka kwashe kwalaben teku duka a kwali, ta ɗora mini a bayan babur, ta riƙe hannun babur ɗin ta ce, "Malam Haruna, kar ya bushe. In ya bushe, babu wani."

Muka ɗauka abin na mako biyu ne. Sai ga shi sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ƙofa na nan a rufe. Kun san zafin Jalingo gab da damina, wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Murafun kwalaben tsofaffi ne, sifirit kuwa ɓarawon kansa ne, ta ko'ina yake sulalewa. Na liƙe bakunan da kakin kyandir, kakin ya yi laushi ya saki. Na samo tsohuwar randa, na zuba yashi a ciki na jiƙa, na binne kwalaben zuwa wuya, na ajiye a ɗakin matata Dija don ya fi sanyi. Hakan ya rage, bai hana ba. Babbar damuwar ma ita ce sabon jaririn. Ruwan jikinsa ya surka sifirit ɗin da ya zo a ciki, har ya fara yin rawaya. In ba a sake masa sabo ba, ruɓewa zai yi tun kafin ya bushe.

Na shiga kemis-kemis na sayo abin da suke kira sifirit. Amma akwai ƙa'idar da Dakta ta dasa mini: ba a gwaji a kan abin da ba shi da na biyu. Sai na koma rafi, na tono 'yan jatan lande a ɗan ruwan da ya rage, na jefa su a ciki. Na kemis ɗin farko ya mai da su fari fat kamar alli, suka ƙanƙance. Na biyun ƙamshin turare yake yi, ya bar musu maiƙo a jiki. Da na zuba wa jaririn Dakta ɗayansu, da na kashe shi karo na biyu.

Wani abokina makanike ne ya ce, "Kai, je ka ƙauyen Kona wurin Mama Jummai. Abin da take dafawa, ko injin ka zuba wa sai ya tashi." Mama Jummai dattijuwa ce mai yin burkutu, kuma a bayan gidanta tana da durom da bututun ƙarfe da take tace ogogoro, giyar nan fara mai ƙarfi. Ni kuwa ko ƙofar irin gidan ban taɓa tsayawa ba. Na yi kwanaki ina jan ƙafa. Da na ga rawayar kwalbar na ƙaruwa, na sa hulata na hau babur da rana tsaka, don in an gan ni a gan ni da kyau, kada a ce ɓoyewa nake.

Masu sha suna zaune a kan benci da ƙorai, suka bi hulata da kallo. Mama Jummai ta fito tana share hannu a zani, ta ce, "Malam, ka ɓata hanya ne?"

Na gaishe ta, na ce ogogoro nake so, amma ba ni zan sha ba.

Ta ce, "Kowa haka yana faɗi. Wa zai sha?"

Na ce wani jariri ne daga teku.

Benci ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ja ni bayan gida ta ce in yi mata bayani tun daga farko, ta kuma saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. Ta ba ni kaɗan na je na gwada a kan 'yan jatan landena. Cikin 'yan kwanaki suka yi laushi suka fara wari, wato ruwa ya yi masa yawa. Na koma na gaya mata. Ta ce, "To, sai a dafa shi sau biyu. Amma irin wannan, mutum ba ya sha, in ya sha zai mutu."

Ita ta koya mini awon cokali. Ta zuba a cokali ta ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta kama, da ta mutu sai ta nuna mini ruwan da ya rage. In ya rage da yawa, giyar raguwa ce. In cokali ya bushe ƙaf, ta yi ƙarfi. Nan dabara ta zo mini. Ina da ɗan ragowar sifirit na gaskiya da na hana kaina taɓawa. Na ƙona cokali ɗaya nasa, na ga inda ruwansa ya tsaya, na karce wurin da allura. Daga nan muka dinga surka nata da tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan, muna ƙonawa, har ya tsaya a kan zanen. Na jefa sababbin 'yan jatan lande, na jira. Suka zauna garau, ƙafafunsu a miƙe, ana hango cikinsu. Ranar na yi murna kamar an yi mini haihuwa.

Murnar ba ta shiga gida tare da ni ba. Dija na jin warin galan ta tare ƙofa. Ta ce, "Malam, ƙwarin ruwanka na haƙura da su a ɗakina. Amma giya, a inda nake salla? Wallahi sai dai ka zaɓa." Ga shi labari ya riga ni isowa unguwa, an ce an ga Malam Haruna a Kona, girma ya zo masa da sabon hali. Gaskiyarta ce, ban yi musu ba. Na kinkimi randa na kai gindin mangwaron bayan gida, na yi mata rumfar zana. Limamin unguwarmu ma da kansa ya tako. Ya tambaye ni ko sha nake, na ce a'a. Ko sayarwa, na ce a'a. Na ɗaga masa kwalbar a rana, ya daɗe yana kallo yana tasbihi, sannan ya ce in dinga wanke hannu, in kuma raba abin da tufafin sallata. Zai fita ya waiwayo ya ce, "Wai da gaske wannan ganyen yana da uwa?" Bayan kwana biyu na tarar an jiƙa yashin randar tun ban tashi yi ba. Dija ba ta ce ita ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Sake wa jariri ruwa ba juyewa ake yi ba. Da bututun ɗiga ake zuƙe tsohon kaɗan, a mayar da sabo kaɗan ta jikin gilashi, a bar shi ya saba, gobe a ƙara. In ka sake masa gaba ɗaya, sai ya motse. Haka na yi ta yi har rawayar ta wanke.

Sai dai abin da Mama Jummai ke iya tacewa bai da yawa. Bututunta cikin kwamin ruwa yake bi don tururin ya huce, ga rijiyoyi sun ƙafe, ruwan sha ma sai an yi layi. Dafawa biyu kuma rabin abin take cinyewa. Ta ce mini, "Ɗana, wannan ne ƙarshe sai ruwan sama ya zo." Na zauna gaban randa na dubi kwalabe, na san ba zai ishe su duka ba. Sai na ware waɗanda na riga na zana. Su ko sun tafi sun bar kamanninsu a takarda. Wanda ba a zana ba, in ya bushe, kamar bai taɓa zuwa duniya ba. Na bar wa babban da wasu 'yan kaɗan abin da ke akwai. Sauran ina kallo ruwansu ya yi ta sauka har suka manne a gindin kwalba kamar ɓawon albasa. Cikinsu har da wanda Dakta ta fara nuna mini a taga. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kwanaki ba na son bi ta bayan gida.

Da aka buɗe makaranta, damina ta yi nisa. Dakta ta dawo ta rame, ta binne mahaifiyarta. Na jera mata busassun kwalaben tukuna, don ta ga asarar kafin riba. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Sannan na miƙa mata babbar. Ta buɗe, ta sansana, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Haruna, wannan ogogoro ne."

Na ce dafawa biyu, Dakta.

Muka zuba shi a faranti. Ta leƙa, ta murɗa, ta daɗe ba ta numfashi. Sannan ta matsa ta ce in duba. Ƙafar kusa da baki ba ta da reshen nan mai gashi da 'ya'yan mai ƙaya ke da shi. A goshi kuma, ƙarƙashin fatar da ke shirin tuɓewa, ga faifai biyu a naɗe, ƙanana, da 'yan haƙoransu a gefe. Ɗan mai silifa ne, a cikin rigar da ta yi kama da ta gidan ƙaya. Ta zauna a kujera ta rufe fuska da hannu, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne. Na fi mako ina zana shi, kuma bakin ƙafar da hanya ta ci, a gutsure na zana shi.

Dakta ta ce lallai sai mai giyar ta ga wanda ya sha giyarta. Mama Jummai ta zo da sabon zani da ɗankwali kamar mai zuwa suna. Da ƙyar ta iya rufe ido ɗaya ta leƙa madubi. Da ta gano shi sai ta ja da baya, ta sake leƙawa, ta ce, "Uwanshi yana ina?" Dakta ta ɗauko babbar mai silifa daga tulun gilashi ta ajiye a tire. Mama Jummai ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce ba ta yarda ba, an yi musanya. Dakta ta ce ta sake dubawa a goshi. Ta leƙa ta daɗe, can sai ta buga cinya.

Ta ce, "Ga kunnen uwanshi! Haka muna yi in an haihu. Ba a duba fuska, fuska yana canjawa. Kunne ake duba, da yatsan ƙafa. Nan ne gida yana ɓoye."

Dakta ta ce ita ma abin da take yi ke nan shekara da shekaru, sai dai ita ba a ba ta goron barka.

Dakta Eno ta koma garinsu da daɗewa, zanen yana cikin abin da ta rubuta, masu irin bincikenta suna dubawa. Ta bar kwalbar a nan, ta ce wanda ya raine shi ya fi ta iko da shi. Mama Jummai ta rasu, durom ɗinta ma an yi murhu da shi. Ni kuwa har yau ban taɓa ganin teku ba, ban kuma taɓa ganin ganyen nan da rai yana iyo ba. Nakan zauna in yi ta tunanin yadda yake motsa ƙafafun nan a ruwa.

Yanzu kun ce akwai na'urar da ke karanta dangantaka daga ɗan guntun nama, ba sai an ƙirga gashin ƙafa ba. Na ji daɗin jin haka, kuma ina so in ga ko za ta faɗi abin da muka gani. Amma ita ma sai an ba ta naman, kuma ba ta karɓar toka. Sifirit yana nan a sito, ba sai kun je Kona ba. Ga bututun ɗiga a aljihun tebur, ga cokalin da zanen allura a jikinsa. Na duba kwalbar da safen nan, ruwanta ya sauka da faɗin yatsa, zafi kuma yana tafe. Shekara da shekaru ni nake cika ta, bana ba na nan. Kafin in miƙa makulli, ina so in ga wanda zai hau kujera ya sauko da ita, da hannu biyu.